Mahaifinmu Bai Ruɗe Ba

Dalumayan,
Ashirin da biyu ga Satumba.

Zuwa ga yayata, Manang Editha,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Manong Wilfredo da yara, ya kuma ba ki ƙarfin aikin asibiti da jure sanyin Kanada, wanda na ji an ce har ya fara leƙowa. Mu nan muna lafiya gwargwado. Ruwa ya yi yawa bana, ya cinye gefen gonar maigidana Gaudencio ta bakin rafi, amma shinkafar da ke tudu ta yi kyau, mun gode Allah. 'Yarki Jerlyn, babbar 'yata, ta ci jarrabawar shiga makarantar koyon jinya, kullum sai ta ce sawunki za ta bi. Gwiwar gwaggonmu Tiya Conching tana nan yadda kika sani, in an yi hadari ta kumbura, in rana ta fito ta saɓe. Kwalin da kika aiko ya iso, kowa ya samu rabonsa, kuma takalmin Tatay, mahaifinmu, ya yi masa daidai.

Manang, sau bakwai kika kira ni a watan nan ban ɗauka ba. Ba wayar ce ta lalace ba kamar yadda Gaudencio ya gaya miki, rufa min asiri kawai ya yi. Na san in na ji muryarki zan ɗaga tawa, in faɗi abin da bai kamata ƙanwa ta faɗa wa yayarta ba, ke kuma ki kashe wayar kafin in kai ƙarshe. Shi ya sa na zauna da biro. Ina roƙonki ki karanta har ƙarshe, domin duk abin da kika sani a kan al'amarin nan daga bakin Marivic kika ji shi, ita kuwa yau matar mataimakin magajin gari Ramil Villaruel ce, ba ƙawarki ta aji shida ba. Ni ina wurin. Da idona na gani.

Kin san yadda tara ga Satumba take a garin nan tun muna yara. Ranar Anacleto: a rufe makarantu da ofisoshi, a yi fareti daga coci zuwa dandali, a jibge furanni a gindin mutum-mutumin tsohon magajin gari Anacleto Villaruel, uban gari, wanda ya kawo mana gada da injin casar shinkafa. Tatay kuma a gaba cikin farar rigarsa ta biki, barong, yana tuƙa tsohuwar jif ɗin marigayin, tunda shi ne direbansa na shekara goma sha tara. Ni da ke mun yi rawa a bayan motar nan da furen takarda a kai. Kin tuna yadda Musulmin tsallaken gada suke rufe ƙofofinsu a ranar, ko mai sayar da kifi ɗaya ba ya haurowa? Na taɓa tambayar mahaifiyarmu, marigayiya Nanay, dalili, ta ce saboda gasasshen aladen da ake ci ne. Shekara arba'in da shida na yi a duniya ina ɗauke da wannan amsar, har na maimaita ta ga yaran da nake koyarwa.

A watan Yuli Kansila Norhaya Dimalen, wadda ke wakiltar tsallaken gada, ta kawo ƙudurin doka majalisar gari. Ba ta ce a rushe mutum-mutumin ba, ba ta ce a kai kowa kotu ba. Cewa ta yi a cire sunan Anacleto daga hutun, a mayar da ranar ta tunawa da mazan unguwarsu ashirin da uku da aka kwasa a shekarar saba'in da uku ba su dawo ba. Gari ya ɗauki zafi. Aka sa ranar zaman jin ra'ayin jama'a. Ana saura mako guda Ramil ya zo gidanmu da kansa, da kek a kwali, ya ɗauki hannun Tatay ya kai goshi kamar ɗan kirki, ya ce babu wanda ya san kakansa kamar Tatay Doning, don haka suna so ya tashi ya gaya wa jama'a irin mutumin da yake. Tatay ya daɗe yana kallon kek ɗin, sannan ya ce to, zai faɗa. Ramil ya fita yana murna. A makon nan Tatay bai ci abincin kirki ba, ko busasshen kifin da yake so sai ya ture. Ranar zaman da kansa ya goge rigarsa, ya hana ni taɓa dutsen gugar.

Zauren wasanni ya cika maƙil, mu a dama, mutanen tsallake a hagu, kamar an ja layi da alli. Da aka kira sunansa ɓangarenmu ya ɗauki tafi. Ya tsaya gaban lasifika, ya ce sunansa Dionisio Balberan, shekararsa tamanin da ɗaya, kuma shi ne ya tuƙa motar. Da farko ba wanda ya gane abin da yake nufi, har wani ya sake tafawa. Sai ya ci gaba. Ya ce babbar motar injin casa ce, mai koren ƙyaure. An gaya wa mazan cewa ofishin gari za a kai su a rubuta sunayensu a ba su katin shaida, shi ya sa wasu har suka sa rigunansu na Juma'a. Magajin gari yana zaune kusa da shi a gaba. Da suka iso mararraba, maimakon dama zuwa ofis, ya ce masa ya yi hagu, hanyar gonar rake da ke gangarawa kogi. Can suka tarar da mutanen magajin gari da bindigogi suna jira. Aka ce masa kada ya kashe injin, ya riƙa taka totur don ƙarar injin ta rufe ta bindigogin. Ya taka. Ya ce ya dawo da mota ba kowa a bayanta, ya wanke ta da hannunsa a rijiyar injin casa, ya je gida Nanay ta zuba masa abinci, ya ci.

Manang, ina zaune a layi na uku. Ban san lokacin da na miƙe ba. Wani ya yi ihu a kashe lasifikar, wani ya ce an saye tsohon, Ramil kuma yana ta buga guduma a tebur fuskarsa kamar ba jini. Tatay bai kula su ba. Ya fara kiran sunayen waɗanda ya sani a cikinsu: wanda ya sayar masa da ɓauna, da 'yan'uwa biyu masu gyaran jirgin kwale-kwale, da wani Kamid da ya miƙo masa taba ta tagar baya suna cikin tafiya, yana tsokanarsa wai ya rage gudu kada ya zubar da su kafin su samu katin. Da ya ambaci Kamid sai wata tsohuwa ta tashi a ɓangaren hagu, Hajiya Sapia, mai sayar da shinkafa a ganyen ayaba a bakin tasha, wadda muka sha sayen abinci a hannunta. Matar Kamid ce. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta jira hayaniyar ta lafa, ta ce tambaya ɗaya gare ta: a ina ne? Tatay ya ce zai kai ta wurin.

Muka koma gida. Ba zan ɓoye miki ba, kwana huɗu na yi ban iya kallon fuskarsa ba. Hannun da ya koya min rubutu shi ya riƙe sitiyarin, ƙafar da nake shafa wa man zafi kullum, ashe ita ce ta taka totur ɗin nan. Na yi fushi da shi, na yi fushi da Nanay a kabarinta, na yi fushi da kaina da furen takardar da na sa a kai. Don haka kada ki ɗauka ban san abin da kika ji ba da labarin ya iso miki. Na sani. Amma ni na zauna da zafin, na dafa masa abinci da shi, na wanke masa kaya da shi, har na gane cewa abu ɗaya tak na kirki ya rage a cikin wannan mummunan labari, shi ne tsohon nan ya tashi a gaban gari ya faɗi gaskiya ba wanda ya tilasta shi. Wannan abu ɗayan kika ƙwace masa.

Ranar ƙuri'a, a watan Agusta, ina cikin majalisar. Kowa ya san ƙudurin zai wuce, domin har tsohon Kansila Ibañez, wanda bai taɓa saɓa wa gidan Villaruel ba, ya ce a kasuwa maganar Doning ta hana shi sakat. Ana shirin ɗaga hannu sai Ramil ya ce akwai takarda daga iyalin mai ba da shaida. Na waiga ina neman wane iyali, tunda ni ce iyalin da ke zauren. Sakatare ya buɗe ya karanta. Wai ke, Editha Balberan, babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya mai shekara ashirin a sashen kula da tsofaffi, kina baƙin cikin sanar da majalisa cewa mahaifinki ya kai shekara biyu yana fama da ciwon mantuwa na tsufa, yana haɗa abin da ya gani a talabijin da abin da ya faru, kuma kina roƙon jama'a su yi masa uzuri. Har lambar shaidar aikinki kika sa a ƙasa. Ibañez ya sauke ajiyar zuciya kamar an ɗauke masa buhu daga ka, ya ce shi ba zai canza dokar gari a kan maganar marar lafiya ba. Ƙuri'a ɗaya ta kayar da ƙudurin. Tasa.

Yaushe kika duba shi, Manang? Shekara shida rabonki da gida. A waya kike ganinsa minti goma ran Lahadi, kuma a cikin mintunan nan shi ne yake tuna miki ranar haihuwar 'ya'yanki. Mutumin da har yau in injin ban ruwan Gaudencio ya ƙi tashi, da kunne yake gane abin da ya same shi. Mutumin da ya san iyakar kowace gona daga nan har mararraba, da wanda ya sayar da wanda ya saya. Shi ne ya ruɗe? Na karanta saƙon da kika turo min daga baya, cewa don ki kare mu kika yi. Wai gidanmu a kan filin Villaruel yake, wai aikina a hannunsu yake, wai kina tsoron a zo a yi masa wani abu. Ban ce tsoron ƙarya ba ne, ni ma da shi nake kwana nake tashi. Amma mu ne a nan. Rufin a kanmu yake, aikin nawa ne, ran kuma nasa ne. Da kin ɗaga waya kin tambaye ni, ko kin tambaye shi. Marivic ta kira ki tana kuka, cikin kwana biyu kika rubuta kika sa hannu, mu ko sallama ba ki yi mana ba. Ki faɗa wa kanki gaskiya: mu kika kare, ko kuwa kunyar a ce ke 'yar direban motar nan ce a taron 'yan garinmu na can?

A rediyo Tatay ya ji, yana zaune a baranda. Na dawo na tarar ya kashe rediyon ya ɗora ta a cinya. Na yi zaton zai yi faɗa, na ma so ya yi. Cewa kawai ya yi Editha tun tana ƙarama mai dabara ce, kuma tana ƙaunarmu. Daga ranar garin nan ya samu abin da yake nema. Waɗanda suka daina gaishe shi bayan zaman nan, yanzu har tsallako titi suke yi su gaishe shi, da ƙarfi, kalma ɗaya ɗaya, kamar mai magana da jariri. Wanzami ya tambaye shi a gaban mutane ko ya tuna hanyar gida ko a raka shi, aka yi ta dariya. Wata a coci ta dafa kafaɗata ta ce in yi haƙuri, nata kakan ma kafin ya rasu cewa yake ya yi yaƙi da Japanawa shi kaɗai. A baya, lokacin da suke zaginsa, mutum ne da ya faɗi abin da ba sa so. Yanzu tausayinsa suke ji, kowa ya huta. Shekara hamsin ya ɗauka kafin ya iya buɗe baki, ke kuma da takarda ɗaya kika mayar da maganar tasa surutun tsufa.

Duk da haka ya cika alkawarinsa. Asabar ɗin da ta biyo baya muka ɗauki babur mai ƙafa uku, Hajiya Sapia da 'ya'yanta maza biyu suka biyo mu a wani. Gonar raken babu ita, yanzu gonar roba ce, hanyar ma ta canza. Amma Tatay ya sauka ya yi tafiya kai tsaye, ya wuce wani babban dutse, ya ƙirga taku zuwa gangaren kogi, ya tsaya ya ce nan ne. Sannan ya koma nesa ya cire hularsa. Suka yi addu'arsu, mu muna tsaye a rana. Babban ɗan, wanda yake da shekara uku lokacin, yanzu da furfura a gemunsa, ya durƙusa ya dafa ƙasar ya daɗe bai ɗago ba. Da za mu tafi Hajiya Sapia ta zo gaban Tatay. Ta ce kada ya yi zaton yafiya ta kawo masa, ba ta da ita tukuna, ba ta kuma san ko za ta samu ba. Ta ce shekara hamsin tana gaya wa yaran nan wataƙila ubansu ya tsallaka teku zuwa Sabah ne, wata rana zai aiko, har ita kanta takan leƙa hanya in mota ta tsaya. Yau ta san inda yake. Sannan ta juyo gare ni ta ce ta ji takardar da aka karanta, in gaya wa mai takardar cewa ita ta yi jinyar uwarta da ta ruɗe shekara bakwai, ta san idon wanda ya ruɗe, wannan ba shi ba ne. To na gaya miki.

Tara ga wata ta zo, aka yi fareti kamar kullum, har ya fi na bara ganguna. Wani ƙanen Ramil ya tuƙa jif ɗin, sau biyu tana mutu masa a gaban kantin magani. Shugabar makaranta ta ce kowane malami ya fito da ajinsa. Na ce ni ba zan jera yara talatin da takwas su yi rawa a bayan motar nan ba, alhali tara daga cikinsu jikokin mutanen tsallake ne. Ta ba ni takardar tuhuma, na amsa, ina jiran abin da zai biyo baya. Tatay kuwa ya fito da kujerarsa bakin titi, da singileti da gajeren wando, ya zauna har faretin ya wuce ta gabansa kaf. Bai ɗaga hannu ba, bai sunkuyar da kai ba. Da Ramil ya ɗago masa hannu yana murmushi, kallonsa kawai ya yi har sai da Ramil ya kawar da fuska.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kansila Norhaya ta ce doka ta ba ta damar sake kawo ƙudurin a watan Janairu, amma muddin takardarki tana cikin kundin majalisa, shaidar Tatay ba ta da nauyi. Da ya ji haka shi da kansa ya ce in kai shi babban asibitin lardi a gwada kansa. Muka yi tafiyar awa uku a bas. Wata likita da ba ta girmi Jerlyn da yawa ba ta sa shi ya zana fuskar agogo, ya ƙirga lamba da baya, ya faɗi ranar da ake ciki da sunan garin da yake. Ya yi duka, ɗaya bayan ɗaya, a natse. Ni ce na kasa zama, na fita waje na yi kuka, don ganin ubanmu yana zana agogo kamar ɗan aji ɗaya domin ya tabbatar wa duniya cewa 'yarsa ta yi masa ƙarya. Takardar likitar tana hannuna, ta ce ƙwaƙwalwarsa lafiya lau. Amma ba ta isa ba, Manang, domin za su ce 'yarsa ta fi likita saninsa. Ke kika rubuta ta farko, ke za ki rubuta ta biyu, da sunanki da lambar aikinki kamar waccan, ki ce ba ki duba shi ba, abin da kika faɗa ba gaskiya ba ne. Ki aika wa sakataren majalisa, ki aiko min da kwafi. In kuma kina da hali ki zo Kirsimeti ki zauna gabansa ki faɗa masa da bakinki. Ɗakinki yana nan. Fushina ba zai hana ni zuwa tarbarki a tasha ba, amma ba zan yi miki dariyar ƙarya ba.

Ki gaida Manong Wilfredo, ki ce masa Gaudencio yana godiya da fitilar. Ki sumbaci Kristine da Paolo, ki ce kakansu yana tambayar karatunsu. Tiya Conching tana gaishe ki, Jerlyn da ƙannenta suna gaishe ki. Da Tatay ya ga ina rubutu ya tambaya ko ke ce, na ce e. Ya ce kada in yi miki zafi, kin ga dai ban bi maganarsa ba. Ya ce in ce miki ki riƙa sa rigar sanyi in za ki fita aiki. Na tambaye shi ko shi ke nan saƙon, sai ya ce in ƙara abu ɗaya, kuma ga shi yadda ya faɗa: ki gaya wa Editha ina ma a ce gaskiya ta faɗa, shekara hamsin ina roƙon Allah ya mantar da ni ranar nan, bai amsa ba.

Ubangiji ya tsare ki, ya ba ki zuciyar yin abin da ya kamata.

Ƙanwarki,
Leonisa